Satar Ƙusoshin Akodiyon

Ni maƙeri ne ɗan maƙera daga wajen Madawa, shi kuwa maƙwabcina a unguwar Tayuri ta garin Sabha Buzu ne daga Abzin. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Tsakanin maƙeri da Buzu akwai wasa tun kaka da kakanni. In zage shi, ya zage ni, in ɓoye masa takalmi a ƙofar masallaci, ya zuba mini gishiri a shayi, kuma ba wanda yake da ikon yin fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ranar da na kama ɗaki a unguwar, na leƙa na ga rawani rataye a ɗakin da ke kallon nawa, wallahi sai da na yi hamdala. Na ce to, Allah ya ba ni abin yi bayan an tashi daga aiki.

Ya girme ni nesa ba kusa ba. Tun yana saurayi ya shigo Sabha, ya yi aikin gonar dabino wajen wani Balarabe mai kaɗa akodiyon a bukukuwa, ya koya a hannunsa. Da Balaraben ya rasu, 'ya'yansa suka bar masa abin kiɗan. Ga wanda bai taɓa gani ba, akodiyon akwati biyu ne, tsakaninsu fata mai ninki-ninki, a ja ta buɗe, a tura ta rufe, iska na fita da murya. Farkon ganina da shi na ce, "Buzu, ai wannan zuga-zuginmu ne kuka sace kuka sa masa haƙora."

"Ke maƙeri," in ji shi, "naku wuta take hurawa, nawa mata take tayarwa rawa."

Haka Hausarsa take, komai mace ne a bakinsa, har da ni da gemuna. Na yi gyara har na gaji na bari.

Shi da wasu Larabawa uku suke zuwa bukukuwa suna kiɗa irin na mutanen Murzuk. Su ne danginsa a garin nan, kuma wannan kiɗan ne ya sa in ya shiga kasuwa ake ce masa ustaz, ba a ce masa ɗan Afirka kamar yadda ake ce mana ba. To a shekarar da nake ba da labari, wani mai fiyanon lantarki ya fara zarya gidan shugabansu, mai kaɗa gangar darbuka. Shugaban ya gaya wa tsohon Buzun cewa shi zai zo gidanmu ranar Laraba bayan la'asar ya saurare shi da kunnensa. In hannu na nan yadda aka san shi, shi za a ɗauka wani biki a garin Zighan ranar Alhamis. In ba haka ba, mai fiyano ya gaji wurin. Ni ban san da wannan magana ba sai bayan da na riga na yi aika-aikar, kuma ina so a rubuta mini wannan a gefen alheri.

Ranar Asabar ne. Na dawo daga shagon walda da filaya a aljihu, na tarar ya ajiye akodiyon bisa tabarma ya zagaya alwala. Na tsuguna ina kallo. Idon maƙeri ba ya ganin ƙarfe ya wuce. A gefen kowane akwati, inda ya haɗu da fatar, akwai wasu 'yan ƙusoshi masu zagayayyen kai, sumul suna ƙyalli, su ne suka riƙe katakon bakin fatar da jikin akwatin. Na kama ɗaya da filaya don in ga irin aikin kawai. Sai ta biyo ni salin-alin. Shaiɗan ya ce ƙara ɗaya. Na ƙara biyu, don kada ya raina ni. Na jefa ukun a aljihu na koma ƙofar ɗakina na zauna ina jan carbi.

Bayan salla ya fito da kayan shayi, maƙwabta suka taru kamar kullum, 'yan Damagaram masu aikin gini da wani Bakano mai gyaran waya. Ya rataya akodiyon a ƙirji, ya gyara rawani, ya lumshe ido, ya ja. Muryar ta taso da kyau, sai can daga gefe aka ji "fuuus". Ya tura, aka ji wani sauti wanda ba zan rubuta sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa cin wake da yawa ya san shi.

Bakanon nan ya fesar da shayin bakinsa. 'Yan Damagaram suka kife. Ni kuwa na dafe ƙirji na ce, "Subhanallahi! Tsoho, a gaban mutane? Ka sake alwala!"

Ya sake ja, abin ya sake yi. Na yi dariya har na kwanta a ƙasa, har hawaye. Rabona da irin wannan dariya tun ina gida.

Shi bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya sauke abin a cinya, ya bi gefensa da yatsa har ya kai ga ramukan nan uku, ya tsaya. Sannan ya faɗi maganar ranar Laraba, a hankali, yana kallon gawayin shayi. Dariya ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Na so in zaro ƙusoshin nan take, amma idon mutane ya yi yawa, kuma gaskiya girman kai ya riƙe ni. Na ce a raina gobe zan mayar masa, in ce na tsinta a bakin rariya.

Washegari a shago na sa su a wani gwangwanin kifi bisa taga don kada su huda mini aljihu. Aka aike ni ɗaura ƙofa a wata unguwa. Kafin in dawo maigidan shago ya yi shara, ya tattara duk wani guntun ƙarfe da gwangwani ya ba masu motar kwasar tsohon ƙarfe. Na tambaye shi ina motar ta nufa, ya ɗaga hannu ya nuna mini rabin duniya. Na bi ƙasan shagon da maganaɗisu kamar mai neman allura, ban samu komai ba sai ƙura da guntun sandar walda.

Da yamma na tarar da tsohon a ƙofar ɗakina. Ya zagaya kasuwa, ya je wajen masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kafinta, ba wanda ya taɓa jin ana sayar da ƙusar akodiyon. Wani ya ce sai dai Tarabulus.

"Ke maƙeri," ya ce, "ke ce ta rage. Ki ƙera mini."

Kunya ya kamata ta kama ni, kuma ta kama ni, amma ba ta hana ni jin daɗi ba. Buzu a ƙofar maƙeri yana roƙo! Kakana bai ga wannan ba. Na harɗe ƙafa na ce, "Sake faɗi, ban ji ba, ƙarar walda ta taɓa mini kunne."

"Na ce ki ƙera mini."

"Ka ce maƙera sun fi Buzaye."

"Maƙera sun fi Buzaye baƙin hannu."

"To je ka Tarabulus."

Sai da ya faɗa daidai, sau biyu, Bakano na shaida, sannan na ce ya kawo abin gobe in gani. Allah ya yafe mini. Ɓarawo ne zaune yana sa mai kaya yi masa kirari.

Ranar Litinin na zo da kayan aiki, na yi kuskuren da ba mai yi sai maƙeri. A gidanmu in zuga-zugi na zubar da iska, maganinsa ɗaya ne: a sami ƙusa mai kauri, a dake ta har ta nutse, a shafe fatar da man shanu. Abin da ya fi matsewa shi ya fi kyau, haka aka koya mini. Na zaɓo ƙusar kafinta mai tsini, na sa a ramin, ta shiga rabi ta tsaya. Na ɗauko guduma. Bugu ɗaya na yi, mara ƙarfi ma, sai na ji katakon ciki ya ce "ƙas".

Tsohon nan ya yi wata ƙara da yarensu, ya damƙe mini wuyan hannu. Ban san yana da irin wannan ƙarfi ba.

"Ba jaki ba ce! Ba a duka!"

Muka zare ƙusar, muka cire sauran, muka raba akwatin da fatar. A lokacin na fara ganin cikin abin. Katakon bakin fatar siriri ne, bai kai kaurin ɗan yatsana ba, ga wani zare mai laushi manne a gefensa don toshe iska. Allah ya taimake ni tsagewar ba ta yi nisa ba, 'yar gajeriya ce a bakin rami. Na ɗiga mata gam na ɗaure da zare. Ya nuna mini cewa ramin waje da na ciki sai sun kalli juna daidai, kuma ƙusar ba ta cin katako, ratsawa kawai take yi ta zauna. Ya nuna mini kuma yadda yake jera waɗanda muka cire bisa tabarma, kowace a gefen da ta fito, don shekaru sun sa kowane rami ya saba da tasa. Na ce, "Ashe ƙusoshin ma Buzaye ne, kowa da tantinsa." Shi kuwa ya ci gaba da duba tsagewar.

Daren nan ban ci abincin kirki ba, abin ya dame ni ƙwarai. Da safe na ari ƙusa ɗaya daga cikin na asali na tafi da ita shago, wannan karon a ɗaure cikin ƙyalle a wuyana kamar laya. Na gwada ta da duk wata waya da ke shagon. Sandar walda ta yi kauri, wayar ɗaurin rodi ta yi laushi. Can na tuna da wata tsohuwar ƙafar keke da ke rataye a bayan shago. Na yanko wayarta guda, na kara da ta asalin, kaurin ya kusa zama ɗaya.

Ni da nake ƙera ƙofar gida cikin yini guda, ƙusa uku suka cinye mini yini. Na yanka daidai tsawo, na riƙe da awartaki, na bi da magagari a hankali ina juyawa, na goge da takardar yashi har ta yi santsi. Bakin ban yi masa tsini ba, na zagaye shi kamar ƙwayar gero don ya nemi rami da kansa. Kan kuwa na gasa shi ja na daddaka da 'yar ƙaramar guduma har ya yi hula. Na lalata bakwai kafin in sami uku na kirki. Maigidan shago ya zo ya tsaya a kaina, ya ga ƙato yana gumi a kan abin da bai kai tsinken sakace ba, ya tambaya ko lafiya. Na ce masa aikin likita ne.

Da yammacin Talata na kai masa. Ba kowa a tsakar gidan, masu gini ba su dawo ba. Muka mayar da akwatin bisa fatar, ya danne da tafin hannu har ramuka suka haɗu. Na goga wa kowace ƙusa kyandir, na tura da babban yatsa. Ta farko ta shige da ɗan tauri mai daɗi. Ta biyu haka. Ta uku ta yi sako-sako, na musanya ta da wata mai ɗan kauri da na ajiye ko da za a buƙata, ta zauna daram. Ya rufe fatar ba tare da ya taɓa maɓalli ko ɗaya ba, ya matsa, ni kuma na kai kuncina ina bin gefen ko zan ji iska. Ko ɗis.

"Buzu," na ce, "ka faɗa wa jikokinka."

Ya rataya, ya ja. Kai! Muryar ta cika gidan nan har cikin haƙarƙarina. Shi kansa ya ce rabon da ta riƙe iska haka an yi shekaru, don tun kafin satata tsofaffin ramukan suna ɗan zubarwa. Na miƙe ƙafa ina jin kaina sarkin maƙeran duniya.

Sai ya shiga kiɗan sosai, mai saurin nan da ake yi in an fito da ango. Ni ba makaɗi ba ne, amma na shekara biyu ina jin wannan kiɗa ta bango. A inda yatsu ke gudu su sauko kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sai na ji gurbi. Ya koma baya ya sake, gurbin na nan. Na dubi hannunsa na dama. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba sa zuwa a kan lokaci, suna tashi kamar masu ciwon baya, kafin su iso an wuce su. A da, muryar na ɗan shaƙewa a irin wuraren nan, kowa ya ce laifin tsufan akodiyon ne. Yanzu na gyara ta tas, ba abin da ya rage a ɓuya a bayansa.

Ya gwada sau huɗu. Sannan ya rufe fatar ya ɗora hannuwa a kai.

Na ce, "Baba, ni na cire su ranar Asabar."

"Na sani. Filaya ta bar shaida a jiki. Wa ke yawo da filaya gidan nan in ba ɓarauniyar maƙera ba?"

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ce ko Allah ta sa ki kasa." Ya yi 'yar dariya. "Ashe kin iya."

Wallahi ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo irin wannan ba. Na ce ko za mu nemi man zafi a shafa wa yatsun, ko ruwan ɗumi da gishiri. Ya ce ya yi duk wannan tun bara. Ya ce gobe shugaban nan zai zo, shekara da shekaru suna cin abinci a akushi ɗaya, zai saurara, zai gane, kuma zai rasa yadda zai faɗa. In ya ɗauke shi don kunya, a ji kunyar a Zighan gaban jama'a. In ya bar shi, gari ya ɗauka cewa hannun ustaz ya mutu.

Ya turo mini akodiyon bisa tabarma.

"Ke maƙeri. Ki sake sata. Biyu ta isa."

Na daɗe ina kallon ƙusoshin nan nawa, sumul, suna ƙyalli fiye da na asali. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsu ba, har yau kuwa. Na ɗauki filaya na zare biyu, na sa guntun waya sirara a madadinsu, masu rawa a rami, yadda duk mai ido zai ga aikin banza ne.

Ranar Laraba bayan la'asar shugaban ya zo da farar jallabiya, maƙwabta suka cika tsakar gida. Tsohon ya rataya, ya ja, abin ya ce "fuuus". Ya tura, ya yi irin na ranar Asabar. Sai ya sauke shi, ya miƙe tsaye, ya nuna ni da yatsa, ya buɗe baki.

Jama'a, na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa shan irin na ranar ba. Ya yi da Hausa, ya juya da Larabci don baƙo ya amfana, ya ƙarasa da yarensu. Ya ce ya ba maƙeri amanar kayan gado ya mayar masa da shi tumkiya mai kumburin ciki. Ya ce kakannina ma ba su iya komai ba sai hura wuta da cin tuwon mutane. Ya zaro guntun wayar ya ɗaga sama kowa ya gani. Bakano har da riƙe ciki. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da ƙasa, ina cewa, "A yi haƙuri, ƙarfen garin nan ne ba shi da kyau." Dokar wasa ta hana ni fushi, to ban yi ba. Sau ɗaya muka haɗa ido, na ga tsohon banza yana jin daɗin abin har cikin ransa.

Shugaban ya karɓi akodiyon ya jujjuya, ya dubi ramukan, ya dubi hannun tsohon, ya ɗan jima a kan hannun. Sannan ya juyo gare ni ya girgiza kai ya ce haram ne a ba irina kayan daraja. Ya ce da tsohon ba komai, mai fiyano zai riƙe wurin kafin a samo ƙusoshin kirki daga Tarabulus, amma ran Alhamis dole ustaz ya zo Zighan ya zauna a gaba kusa da shi, don biki ba ya kyau babu manya. Ba wanda ya taɓa aikawa Tarabulus, ba kuma wanda ya sake tambaya.

Ni ne na kwashi kunyar. Wata da watanni in na ratsa Tayuri sai a ɗaga murya, "Maƙeri, akwai ƙusa?" Wata mata ta fasa kawo mini gyaran murhu, ta ce ta ji labarina. Ban taɓa gyara maganar ba, sai yanzu da tsohon ya koma Abzin wajen 'yarsa, inda ba mai karanta masa wannan.

Ran da zai tafi na raka shi tashar mota da akodiyon a kafaɗata. Da aka ɗora kaya, ya miƙo hannu ta taga, na ɗauka sallama ce. Ashe tafin a buɗe yake.

"Biyun nan," ya ce. "Can ba mai saurare sai awaki."

Suna aljihuna, na san zai tambaya. Na sa masa a hannu na naɗe yatsunsa a kai, har da biyun da ba sa jin magana, direba ya ta da mota.